Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Magana Ga Masu Rubuta Wasan Labari Da Hausa



Yau da wasu 'yan tsirarun mutane zan yi magana, amma ina roƙon kowa ya tsaya ya ji, domin abin ya shafi ƙannenmu. Ina nufin samarinmu da suka fara rubuta wasan labari na kan tebur da Hausa suna ɗorawa a intanet. Na yaba musu, ni ma ina cikinsu. Sai dai gaskiya ɗaya ce, yawancin abin da ake ɗorawa yaron da aka haifa a Sabo ba zai iya wasa da shi ba, kuma laifin ba na yaron ba ne. Laifin marubutan ne, da irin riƙon sakainar kashin da suke yi wa abu biyu: rariyar liƙau, wato kalmar nan da ake latsawa ta kai mutum wani wuri, da kuma ɗan bayanin nan mai leƙowa idan aka ɗora kibiyar kwamfuta a kan kalma. Wasu sun ƙi sa su sam saboda girman kai. Wasu kuma sun sa, amma ta hanyar da gara ma a ce ba su sa ba.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum huɗu ko biyar ne ke zama, ɗaya ya zama mai jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi ne bakinsa. Inda ya bambanta da tatsuniyar kaka shi ne masu sauraro ke faɗin abin da jarumi zai yi. Mai jan labari ya ce kun iso bakin rijiya ga maciji ya fasa kai, kai kuma ka ce zan zare takobi, ko ka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma akwai mai fuska 8, akwai mai 20, lambar da ta fito ita ke nuna ko saran ya samu. Ba a sa kuɗi, ba wanda ke cin wani. Masu tambayar hukuncin jefa ƙwaya, wannan fagen malamai ne, kuma akwai masu wasan da ke rubuta lambobi a 'yan takardu su zuba a hula a riƙa zara. Wanda ya fi shahara cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Kamfanin Wizards of the Coast ya mallake shi a 1997, shi kuma Hasbro mai kayan wasan yara ya haɗiye Wizards ɗin a 1999. Tun farkon wasan, masu yinsa ke ƙirƙiro nasu dodanni da garuruwa da makamai a gida suna rarraba wa juna. Sahun da namu samarin suka shiga ke nan. Maimakon dodannin Turawa sai a sa namu Dodon, da Gizo da Ƙoƙi, da macijin rijiyar Kusugu ta Daura, da maharba, da 'yan tauri.

To me ya sa nake ta da jijiyar wuya a kan ɗan bayanin kalma? Saboda takardar wasa ba littafin hira ba ce da za ka karanta a kwance, in ka gamu da kalmar da ba ka sani ba ka tsallake. Ana karanta ta ne a tsakiyar faɗa, mutum biyar suna jira, kuma kowace kalma nauyi biyu take ɗauke da shi. Ɗauki sagau. Nauyinta na farko shi ne ma'anar da kakanninmu suka sani, asirin da ke sa hannun wanda ya ɗaga makami zai sare ka ya sage. Nauyi na biyu shi ne na doka: a cikin wasan zagaye nawa hannun zai yi a sage, wace ƙwaya za a jefa a kuɓuta, sau nawa jarumi zai iya amfani da shi a yini. Idan marubuci ya rubuta cewa Sarkin Baka yana da sagau ya yi gaba abinsa, ya bar wa masu wasa rigima biyu. Wanda bai san kalmar ba ya zauna zuru, wanda ya san ta kuma ya kama musu da mai jan labari har a watse.

Bari in fara da mutanen farko, masu cewa ai duk Bahaushen asali ya san waɗannan kalmomi, wanda bai sani ba ya koma gida ya sha nono. Na ji wannan magana fiye da sau ɗaya, kuma kullum daga bakin wanda ya girma a Arewa take fitowa. Haba malam! An kafa Sabon Badun tun 1916. Akwai gidajen da kakan kaka ne ya zo da shanu ko ya zo fataucin goro, jikokin jikokinsa ne yanzu ke riƙe da waya. Yaran nan suna jin Hausa sarai, amma Hausar gida ce da ta kasuwa da ta masallaci. Da sun fita bakin titin Mokola Yarbanci ne, a makaranta Turanci. A ina za su ji lifidi? Wa ya taɓa kiran sulke ko kwalkwali ko asigiri a gabansu? Hawan Sallah sai dai su gani a waya. Kuma ma a bar zancen 'yan Kurmi, ka tare saurayi a Kano ka ce ya bambance maka baduhu da layar zana da shashatau, ka ga yadda zai riƙa sosa ƙeya. Ukun duk suna kuɓutar da mutum daga idon abokin gaba, amma kowanne da hanyarsa: ɗaya duhu yake jefa wa mai nema, ɗaya ɓatar da mai shi yake yi, ɗaya kuma sa wa yake a gan ka a shashantar da kai. A cikin wasa wannan bambanci shi ne ke raba jarumin da ya tsira da wanda aka kama.

Abin da ya fi ba ni mamaki da masu wannan girman kai shi ne sun manta daga inda muka fito. Duk wanda mahaifinsa ke da tsohon Ishmawi ko Risala a gafaka ya buɗe ya duba. Tsakanin layi da layi, da gefen shafi, za ka ga ƙananan rubutu birjik, wani da Larabci, wani da ajami, ana warware kalma mai wuya daidai inda ta faɗo. A Borno akwai tsofaffin Alƙur'anai na hannu, wasu tun ƙarni na 17, da aka yi musu irin wannan bayani da tsohon harshen Kanembu. A makarantar zaure ma haka ake karatu har gobe, malam ya ja kalmar Larabci ya bi ta da fassara nan take, ba ya cewa ɗalibi ya tashi ya je ɗaki ya ɗauko ƙamus. Manyan malaman da suka yi wannan aiki ba su ce duk ɗalibin kirki ya san kalmar ba. Hashiya suka yi masa. Ɗan bayani mai leƙowa hashiya ce kawai da aka naɗe ta ɓuya har sai an neme ta. To kai wane ne, da ka rubuta dodo uku da gari ɗaya, za ka ce ka fi ƙarfin yin hashiya?

Suna kuma cewa bayani yana ɓata armashin rubutu, wai kamar mai ba da labarin ban dariya ne ya tsaya yana fassara shi. Ai amfanin naɗe bayanin ke nan. Wanda ya san kau-da-bara ya wuce abinsa ba abin da ya tare masa hanya, wanda bai sani ba ya taɓa ya gani. Masu cewa a je a duba ƙamus kuwa, ƙamusun Bargery na 1934 yana nan a intanet, amma da Turanci yake bayani. Na Jami'ar Bayero na 2006 Hausa zalla ne, amma gida nawa ne a Sabo ke da shi? Kuma ko da kowa na da shi, babu ƙamusun da zai gaya maka ƙwaya nawa za ka jefa idan ɗan tauri ya karya wuƙa a cikinsa. Wannan kai ka ƙirƙiro shi, kai kaɗai ne za ka iya faɗa.

Na gama da su. Mutane na biyu su ne suka fi damuna, domin su suna ganin sun yi aikin.

Akwai gidan yanar da ake kira D&D Beyond, an buɗe shi a 2017, Hasbro ya saye shi a 2022 a kan dala miliyan 146.3. A can mutum na iya zuba dodonsa ko makaminsa da ya ƙirƙira, kuma an sauƙaƙa sa bayani mai leƙowa ƙwarai. Ka rubuta sunan asiri ko na dodo na cikin littattafansu, ka kewaye shi da wasu 'yan alamomi biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, shi ke nan kalmar ta canja launi, kowa ya ɗora kibiya a kai sai bayani ya ɓullo. Abin da daɗi, ba na musu. Shi ya sa wasu namu suka kwashe kayansu kaf suka kai can, wasu kuma suka bar rubutun a shafinsu amma duk wata doka da suka ambata sai su ja mata rariya zuwa can. Sai ka ga an rubuta labarin mai ɗori na garin kaza da Hausa mai daɗi, amma da ka latsa ka ga yadda yake warkar da karaya sai ka tsinci kanka a shagon Bature, da Turancin da ko mu da muka gama sakandare sai mun maimaita sau biyu. Yaron da aka ce ana so ya koyi Hausa ta hanyar wasa, a daidai gaɓar da ya fi bukatar bayani, an miƙa shi ga wani harshe. An yi ba a yi ba ke nan.

Wannan ma idan ƙofar ta buɗe. Idan asirin da ka ja wa rariya yana cikin littafin da mai karatu bai saya ba, cikakken bayaninsa ba zai buɗe masa ba, sai dai a nuna masa hanyar kanti. A da suna sayar da kaya ɗai-ɗai, mutum ya sayi asiri guda ko dodo guda da 'yan canji. A 2024 suka daina, suka ce sai dai littafi sukutum. Ni ɗan kasuwa ne ya haife ni, na san abin da ake nufi idan mai hatsi ya ajiye mudu ya ce daga yau sai buhu: ya sallami talaka ke nan ba tare da ya ce masa tafi ba. Littafin 'yan wasa na 2024 dala 49.99 aka sa masa a bugun takarda, a shekarar da dala ɗaya ta haura naira 1,500. Ku yi lissafin da kanku. Ɗan Sabo da ke taya babansa tsaron shago, daga ina zai fitar da wannan don ya san abin da kai ɗan'uwansa ka rubuta da harshensu?

Kada a ce ina zagin kamfani. Shagonsu ne, kayansu ne, suna da ikon sa farashin da suka ga dama. A bar jaki a daki taiki ba halina ba ne. Wanda nake tuhuma shi ne ɗan'uwana da ya baza hajarsa a bakin rumfar wani, alhali ya ga yadda mai rumfar ke yi. Ga abin da ya faru a idon kowa. Tun shekarar 2000 akwai lasisin da ya ba jama'a damar amfani da ginshiƙin dokokin wasan su gina nasu a kai. A watan Janairun 2023 sai ga daftarin wani sabon lasisi ya ɓulla, wanda zai soke tsohon, har ya nemi kashi 25 cikin ɗari na abin da ya haura dala 750,000 daga hannun manyan masu buga kayan wasan. Masu wasa a duniya suka yi ca, suka riƙa janye kuɗin rajistarsu, kafin ƙarshen watan kamfanin ya janye. A watan Agustan 2024 kuma aka sanar cewa a takardun jarumai na gidan yanar za a maye tsofaffin asirai da kayan asiri na dokokin 2014 da sababbi, wanda ke son tsohon sai ya zauna ya sake rubuta shi da hannunsa a matsayin ƙirar gida. Aka sake yin ca, cikin 'yan kwanaki suka sake janyewa. Sau biyu an tsira, amma da ihun mutanen da ke biyan dala aka tsira. Mu da ba mu biya, ihunmu wa zai ji?

Kuma canjin ba na wasa ba ne. Asirin warkar da rauni na matakin farko, a dokokin 2014 ƙwaya ɗaya mai fuska 8 ake jefawa, a na 2024 ya koma biyu. Ka ɗauka ka zauna ka auna mai ɗorinka da macijinka a kan tsohuwar doka, yadda faɗan zai yi zafi amma ba zai gagara ba. Rariyarka tana nuna shafin wani. Ranar da abin da ke shafin ya canja, rubutunka na nan yadda ka bar shi, harafi ɗaya bai motsa ba, amma ma'aunin wasanka ya karkace kana barci. Masu wasa za su ce kai ne ba ka iya ba.

Wani lokaci ma ba canjawa shafin ke yi ba, ɓacewa yake ɗungurungum. GeoCities, inda dubban mutane suka zuba kayan wasanninsu na gida, Yahoo ya rufe shi a 2009. Wizards da kansu sun rufe zaurukan tattaunawarsu a 2015, da duk abin da jama'a suka shekara da shekaru suna tarawa a ciki. Google+, wanda ya zama matattarar masu ƙirƙirar irin waɗannan wasanni, an rufe shi a 2019. Cibiyar bincike ta Pew ta fitar da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke intanet a 2013 ba a iya samun su bayan shekara goma. Mu da muka girma a zaman haya a garin mutane, muka ga yadda ake tashin kasuwa a mayar da ita bayan gari, bai kamata a ce sai an koya mana wannan darasi ba.

Abin takaicin shi ne babu wani uzuri. A ƙarshen rigimar 2023 ɗin nan, kamfanin ya saki ginshiƙin dokokin, wanda suke kira SRD 5.1, a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, suka kuma saki na sababbin dokoki, SRD 5.2, a watan Afrilun 2025. Wannan lasisi ba ya janyuwa. Ya halatta maka ka kwafa, ka gyara, ka fassara, ka ajiye a gidanka, har ka sayar in ka so, sharaɗin kawai ka ambaci masu shi. An fitar da na farkon da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da Sifaniyanci. Na Hausa ba wanda zai yi mana. Ba kuma ina cewa mutum ɗaya ya fassara shafi ɗari huɗu ba. Dokar da wasanka ya taɓa kaɗai za ka ɗauko. In macijinka na sa tsoro, fassara dokar tsoro, layi biyu ce ko uku. In yana da dafi, fassara ta dafi. An ba ka zanen kyauta ka ɗinka daidai jikinka, ka ƙi, ka koma kana aro.

Sai kuma maganar waya, wadda ita ce ta fi nuna cewa marubutanmu ba su san wa suke rubuta wa ba. Bayani mai leƙowa an ƙirƙire shi ne domin ɓeran kwamfuta, kibiya ta tsaya a kan kalma ba tare da an latsa ba. Wayar shafa ba ta da kibiya, yatsa ko ya taɓa ko bai taɓa ba. Hanya mafi sauƙi da 'yan koyo ke bi a HTML, ta liƙa wa kalma ɗan laƙabi a ɓoye, a kwamfuta tana aiki, a waya kuwa shiru kake ji. Marubuci ya zauna da kwamfutar yayansa ko ta wurin aiki, ya gwada ya ga komai na leƙowa, ya ce alhamdu lillahi. Mai karatunsa na can Mile 12 a kan buhun albasa da wayar Tecno, yana ta danna kalma ba abin da ke fitowa. Wasu kuma su jibga wa shafin JavaScript da hotuna masu nauyi don bayanin ya riƙa fitowa da ado, shafi ya ƙi buɗewa a Opera Mini, data ta ƙone a banza, ita da aka amince a ƙara wa kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025.

Sannan ku dubi yadda rubutu ke yawo a tsakaninmu. Mutum ɗaya ne ke buɗe shafin, ya kwafe rubutun ya zuba a WhatsApp, daga nan ya bi duniya. WhatsApp ba ya ɗaukar rariyar da aka ɓoye a bayan kalma, tsurar rubutu kawai ke isa. Wani kuma ya kai shagon kwamfuta a buga masa a takarda, domin in an zauna wasa da dare ba wuta, ba mai son batirinsa ya mutu. A duka biyun, duk bayanin da ke rataye a wani gida daban ya faɗi a hanya. Wanda ke rubuce a jikin shafin shi kaɗai ke isa.

Don haka abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Bayanin kalmominka ya zauna a shafi ɗaya da wasan, a ƙasa, da rubutu tsura wanda za a iya kwafa a buga. Daga cikin labarin ka ja rariya zuwa wannan ƙasan, irin rariyar cikin gida da ke farawa da alamar #, wadda in shafi ya riga ya buɗe ba ta ƙara cin data, kuma ka sa wata a gindin bayanin da za ta mayar da mutum inda ya tsaya, kada ka bar shi yana ta jan shafi yana neman layinsa. In kana son bayanin ya buɗe a wurin, HTML na da alamar naɗe rubutu, a taɓa ya warware, a sake taɓawa ya naɗe, ba ta bukatar JavaScript, kuma yatsa na iya ta. Ka ƙara leƙowa ga masu kwamfuta in ka so, ba laifi, amma ta zama ƙari a kan tuwo.

Shi kansa bayanin ya zama gajere. Wasu in sun tashi yi sai su rubuto tarihin Bayajida tun daga Bagadaza a cikin ɗan akwati, alhali mutum biyar na jiran a jefa ƙwaya. Jimla ɗaya ta ma'ana, ɗaya ko biyu ta doka. Ga yadda nake rubuta nawa: Sagau, asiri ne da ke sage hannun mai kawo sara. Sau ɗaya a yini, idan maƙiyi ya ɗaga makami a kanka, ya jefa ƙwaya mai fuska 20. In bai kai 13 ba, hannunsa ya sage har zagaye na gaba. Shi ke nan. Yaro ya koyi kalmar kakansa, ya kuma san abin da zai yi da ita, cikin numfashi biyu. Wanda ke son dogon tarihi, a nan ne rariyar waje ke da amfani, ka tura shi Wikipedia ta Hausa ya karanta labarin Daura, ko ka gaya masa ya nemi Ruwan Bagaja ko Ganɗoki ko Iliya Ɗan Maiƙarfi ya ga inda irin waɗannan jarumai suka samo asali. Irin wannan rariya in ta mutu wasa bai mutu ba. In kana tsoron mutuwarta ma, ka ajiye kwafin shafin a Wayback Machine tun yana da rai.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, waɗanda suka ji an ce a sa rariya sai suka shafa wa kowace kalma shuɗi, har da doki da rijiya. Shafi ya koma kamar an tsoma shi a marina. In komai ya yi shuɗi ido ba ya ƙara gane wanne ne mai muhimmanci, kuma a ƙaramar waya yatsa na zamewa ya taɓa abin da ba a nufa ba. Sau ɗaya a kowane sashe ya isa, a inda kalmar ta fara fitowa, kuma ga kalmar da ke ɗauke da doka ko wadda ƙaninka ba zai sani ba.

Na san za a ce aiki ne. Ƙwarai kuwa aiki ne, kuma ba shi da daɗi kamar ƙirƙiro dodo mai kai bakwai. Amma kalmomin da ke bukatar bayani a wasa guda ba su cika wuce talatin ko arba'in ba, kuma in ka rubuta sau ɗaya ka huta, wasa na gaba kwafowa kawai za ka yi. Da ma za mu yarda mu riƙa barin juna mu kwafi bayanan juna, da sagau ɗin Badun da na Agege sun zama doka ɗaya, yaro ya tashi daga wannan tebur ya zauna a wancan ba tare da an sake masa karatu ba.

Wani ɗan abu na ƙarshe ga masu haɗa rariyar cikin gida, shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. A cikin rubutun da mutane ke karantawa ku sa su cif, kada ku yi ha'inci. Amma a sunan da kuke ba wa rariya, wanda ke shiga adireshi, ƙ kan rikiɗe ta zama %C6%99, ɗ ta zama %C9%97 idan an kwafe adireshin an tura wa wani, ya yi tsawo ya yi muni. Shi ya sa aka fi son haruffa marasa lanƙwasa a wurin. Sai dai a kula, da ka cire lanƙwasar, kura mai cin awaki da ƙura mai shiga ido sun zama suna ɗaya, kuma in wurare biyu a shafi suna da suna ɗaya, burauza na farkon kawai take kai mutum. Mai wasa ya latsa ya ga ƙarfin cizon dabbar da ta tare masa hanya, sai a kai shi dokar guguwa. Ku ba su suna daban, kura-dabba da kura-iska, ko duk yadda ya yi muku. In kun gama, kada ku gwada a kwamfutarku. Ku buɗe shafin a wayar ƙanenku, ku kashe data, ku miƙa masa, ku ce ya gaya muku abin da zai faru idan Sarkin Baka ya yi wa ɓarawo sagau.